Ragunan Alhaji Sada a Shafin Farko

A unguwarsu a Daura, in ka tambayi Munzali sai an yi ta kame-kame, amma kana cewa Injiniya kowa zai nuna maka shagon. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ranar da ya dawo daga wata bita ta kwana uku a Katsina kan yadda ake tallar kaya a intanet. In za a faɗi tsakani da Allah, awa ɗaya ya yi a ajin. Ranar farko ya makara, rana ta biyu ya tafi gaida wani kawunsa da ba ya ma gari, rana ta uku ya shiga daidai malami na bayani kan sunan da ake sa wa hoto, ya fito da aka fara raba shinkafa. Da wannan awa ɗayar ya dawo gida, da jakar taro, da takardar shaida da ya kai aka sa mata gilashi.

Shagon ba nasa ba ne. Jikin zauren surukinsa yake, Alhaji Sada dillalin dabbobi, wanda ya ba shi aro albarkacin ’yarsa Adawiyya. Shekara biyu ke nan babu abin da ke shiga shagon sai masu neman cajin waya da masu neman inuwa. Ga kuma Amadu mai injin markaɗe ya matsa wa Alhaji da zarya, yana son wurin.

Saura kwana goma sha biyu Babbar Sallah, Alhaji Sada ya leƙo.

“Munzali, bayan Sallah zan ba Amadu ɗakin nan. Na faɗa maka da wuri don ka kimtsa.”

Munzali ya miƙe, ya gyara hula. “Baba Alhaji, raguna nawa ke ɗaure a bayan gida?”

“Ashirin da bakwai.”

“In na sayar maka da su kaf kafin Sallah, ba ka taka kasuwar Mai’adua ba, ba ka hau mota ba, sai dai ’yan Abuja da Ikko su yi ta kiran waya, za ka bar mini shagon?”

“Da me za ka sayar da su?”

“Da suna, Baba Alhaji. Na’urar binciken nan da duniya ke tinƙaho da ita makauniya ce. Ba ta ganin hoto, sunan da aka sa masa take lalubawa. Duk wanda ya iya sa wa hoto suna ya riƙe ta a hanci. A faɗin masarautar nan kuwa, mu biyu muka san wannan, ɗayan ma ya koma Kaduna.”

Alhaji bai gane ba, amma gwiwarsa ta dama ta fara gajiya da motar kasuwa. Ya ce a gwada.

To, ga yadda sana’ar Alhaji Sada take. Cikin ragunan nan ashirin da bakwai ko ɗaya ba nasa. Na mutanen gari ne waɗanda ba su so a san suna sayarwa. Ta ƙofar baya ake shigo masa da su, a miƙa masa igiya, a tafi. Bai taɓa rubuta sunan kowa a takarda ba, bai taɓa faɗa wa mai saye ragon wane ne ba, ko matarsa ba ta sani. Shekara talatin da ɗaya yana wannan, yana kuma yawan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Sai dai ciki ma yana cika. Don haka kullum da safe, in yana zuba musu dusa, ragunan yake wa hira. Ya san su dai ba za su kai gaba ba.

Washegari Munzali ya shiga turken ɗaukar hoto. Ya ce a kawo farin zanin gado a ɗaura a baya don hoto ya fito kamar na Turai. Rago na farko ya cinye gefen zanin. Na biyu ya ƙi juyowa, duk hoton da aka ɗauka sai jela. Na uku, wani Balami mai ƙaton wuya, ya tsaya cak yana kallon waya kamar ya saba, Munzali ya durƙusa yana yabonsa, ragon ya ja da baya taku uku ya dawo. Sai ga Injiniya zaune cikin kwatarniyar ruwa, waya a sama, hula a bakin wani ragon.

Yana nan zaune yana neman numfashi, sai Alhaji ya shigo ta ɗaya gefen da bokitin dusa. Rumfar kara ta kare shi, bai ga surukinsa ba.

“Kai na Alhaji Kabo, ci a hankali. Masallatai uku aka yi wa alkawarinka, kowane da ranar da aka ɗauki hoto da kai, ga ka nan kuma za ka koma kuɗin fastar zaɓe. Kai kuma na Hajiya Shatu, ai ka mutu tun azumi, haka aka gaya wa ƙanenta mai ragon. Allah ya jiƙanka, matsa ka sha ruwa.”

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Munzali bai motsa ba sai da aka gama, wandonsa ya sha ruwa, kunnensa ya sha labari.

Da farko bai yi amfani da abin da ya ji ba, a ba shi wannan. Ya buɗe shafi na kyauta a intanet, ya sa wa hotunan sunaye na mutunci: babban rago Daura, farin rago Daura, ragon Sallah mai araha. Ya ɗora su. Ya fito ya sanar a teburin Nagoggo mai shayi, inda majalisar unguwa ke zama, cewa nan da jibi duk wanda ya rubuta rago a waya, ko a Makka yake, ragunan Alhaji Sada zai fara gani.

Jibi ta zo. Nagoggo ya goge hannu, ya karɓi waya ya rubuta. Ragunan duniya suka zubo, na Sudan, na Nijar, gasassu, ɗanyu, har da na zane. Na Alhaji Sada ko ƙaho.

“Wuce shafi na biyu,” in ji Munzali.

“Na wuce.”

“Ci gaba.”

“Injiniya, ina shafi na sha tara. Na fara ganin raƙuma.”

“Waya ce ba ta da ƙarfi.”

“To ko makauniyar taka kurma ce kuma?”

Majalisa ta kwashe da dariya. Munzali ya ajiye shayinsa rabi, ya ce su jira, masu dariya su za su yi layi.

A gida Adawiyya na tankaɗe, ta saurare shi har ya gama zagin Nagoggo. Ita dambun nama take sayarwa ta waya, har Kano da Zinder, ba ta kuma taɓa zuwa bita ba.

“Baban Siddiƙa, nuna mini shafin.”

Ya nuna mata.

“Ina farashi?”

“Ba a sa farashi, sai an kira.”

“A kira wa? Ina lambar?”

Munzali ya duba sama, ya duba ƙasa. “Wannan duk ƙananan abubuwa ne. Suna shi ne uwa uba.”

“Sunan hoto gishiri ne, ana sa shi, ban ce a’a ba. Amma kai ka ɗora tukunya ba nama ba ruwa, kana ta ƙara gishiri. Rubuta bayani a ƙarƙashin kowane hoto, sa lamba, sa inda kake. Hotunan ma sun yi nauyi, kafin ɗaya ya buɗe na gama tuƙa tuwo.”

“Wace bita kika je?”

“Wadda ake zama har a tashi.”

Bai ci tuwon ranar da daɗi ba. Amma lambar dai ya sa, a ɓoye, don kada ta ce ita ta koya masa. Sauran shawarar ya watsar. Shi a ganinsa ya gano cutar: sunayen sun yi gajarta. Ya tuna malamin bita ya ce suna ya zama cikakke, ya bambanta hoton da kowane hoto a duniya. Me kuwa ya bambanta rago da rago in ba mai shi da labarinsa ba? Ya kuma tuna, ko ya ga kamar ya tuna, an ce sunan hoto na ciki ne, na’ura kaɗai ke karantawa, mutum ba ya gani.

Ya rufe shago ya zauna. Ya goge sunayen mutunci, ya shiga zuba hirar da ya ji daga cikin kwatarniya, kalma, ɗan layi, kalma, ɗan layi. Ragon Alhaji Kabo Daura wanda ya yi wa masallatai uku alkawari. Ragon Hajiya Shatu da ta ce wa ƙanenta ya mutu. Haka har ashirin da bakwai, wani sunan ma sai da kwamfuta ta ƙi karɓa don tsawo, ya rage. Ya ɗora, ya kashe kwamfuta ba tare da ya sake buɗe shafin ba, don data ta kusa ƙarewa. Abin da bai sani ba, irin shafin nan na kyauta, in ba ka rubuta komai a ƙarƙashin hoto ba, sunan hoton yake kwasowa ya liƙa da manyan baƙaƙe.

Kwana huɗu shiru. A na biyar, Alhaji Kabo ya tashi. Shi mai neman kansila ne, kuma kullum bayan karin kumallo sai ya rubuta sunansa a waya ya ga ko duniya ta fara maganarsa. Wata shida ba ta fara ba. Ranar ta fara. Kalmar rago tana da masu ita dubbai, amma sunan Alhaji Kabo Daura babu wanda ya taɓa damuwa da shi a intanet, don haka ragon ya samu fili shi kaɗai, ya zauna a sama.

Kabo ya iso teburin shayi babbar riga na jan ƙasa, ya dangwara wa Munzali waya a fuska.

“Mene ne wannan?”

Munzali ya ga hoto, ya ga shafin farko ne, bai tsaya karanta abin da ke ƙasa ba. Ya haye kan benci.

“Jama’a, ina masu dariya? Shafin farko, layin farko. Nagoggo, zo ka gani da idonka. Kai, kowa ya fiddo wayarsa. Rubuta sunan duk wanda ka sani a unguwar nan, ka ƙara Daura, ka ga aikin ilimi.”

“Sauko,” in ji Kabo a hankali. “Don Allah sauko mu yi magana.”

Ina, an riga an fiddo wayoyi. Ladanin masallacin layi ya karanta na Kabo da ƙarfi, ya tsaya, ya sake karantawa. Ya ce shi dai ya san an yi musu alkawarin ragon nan ranar Juma’a, har an yi kabbara. Wani daga masallacin tasha ya ce ai nasu ne, yana da hoton. Kabo ya ce sharrin ’yan adawa ne, kuma ragon kama ce kawai, raguna ai suna kama da juna. Ladan ya ce har da jan kyallen da ka ɗaura masa a ƙaho?

Nagoggo dariya har da riƙe tukunya. Shi ke kiran sunaye, ana rubutawa. Hajiya Shatu ta fito. Wani tela ya fito, wanda aka ba ragon suna ajiya. Wani ango ya fito da ragon da ya ce wa amarya na layyarsu ne.

“Injiniya, na sallama,” in ji Nagoggo yana share hawaye. “Yau ka biya ni. Wa ya rage?”

“Kai,” in ji ladan.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Nagoggo ya ce shi me zai kai shi intanet, a bar wasan haka, ruwan zafi na ƙarewa. Ladan ya riga ya rubuta. Ga baƙin rago mai farin goshi, wanda majalisar nan ta haɗa hannu ta saya tun bara don watanda, aka ba Nagoggo kiwo, ya zo wata biyu da suka wuce yana salati ya ce ɓarayi sun tsallaka da shi Nijar ta Kongolam. Har ta’aziyya aka yi masa. A ƙarƙashin hoton an rubuta komai, har da sannu da dawowa.

Nagoggo ya ce ai nemo shi ya yi, yana so ya ba su mamaki ranar Sallah.

“Mamakin ka ba mu,” in ji ladan. “Tashi mu je mu gaida shi.”

Sai a lokacin Munzali ya karɓi waya ya karanta abin da ke ƙarƙashin hoto. Ya sauko daga benci ya ruga shago don ya goge. Babu wuta. Ya tada janareto, igiyar ta tsinke a hannunsa. Ya gwada ta waya, ta nemi kalmar sirrin da yake amfani da ita tun bita, wadda ya rubuta a bayan takardar shaidarsa kafin a rufe ta da gilashi. Kafin ya fasa gilashin ya shiga ya goge, rabin Daura ta ɗauki hoton shafin ta tura wa ɗaya rabin. Wayarsa kuwa ta fara ruri kamar yadda ya yi alkawari, daga Abuja, daga Ikko, har daga Jidda. Duk ’yan Daura ne mazauna can, ba mai tambayar farashi, kowa so yake ya ji ko akwai na gidansu.

Kafin la’asar ƙofar gidan Alhaji Sada ta zama kasuwa. Wannan karon ta ƙofar gaba aka zo. Ƙanen Hajiya Shatu ya taso daga Baure a kan babur, ya ce ya zo ɗaukar gawa. Hajiyar na daga cikin zaure lulluɓe tana cewa suma ya yi, ita ta ɗauka mutuwa ce. Masallatai uku suka riƙe igiya ɗaya, Kabo na tsakiya yana cewa zai ƙaro biyu in an zaɓe shi. Tela ya ce kotun shari’a zai kai, aka tambaye shi wa zai kai da wane laifi, ya ce zai yi tunani. Majalisa ta sa Nagoggo ya ja baƙin ragon da kansa, suna biye suna masa sannu da hanya.

Alhaji Sada bai yi musu da kowa ba. Yana tsaye bakin turke, duk wanda ya zo ya kwance masa igiya ya miƙa, ya ce a yafe shi. Sau ashirin da bakwai ya faɗi haka. Da aka watse, turaku suka rage tsirara, sai ya juyo.

“A ina ka ji?”

“A kwatarniya, Baba Alhaji.”

“Wa ya ce ka rubuta?”

“Ilimin ne haka. Kuma in ka duba ta wani ɓangaren, an samu nasara. Duka ashirin da bakwai sun fito shafin farko, kuma ga shi turke ya tashi kafin Sallah kamar yadda na ce.”

Adawiyya daga bayan ƙyaure ta ce, “Baban Siddiƙa, yi shiru don Allah.”

Alhaji ya dube shi. Tausayin tsohon ya kama kowa, har Munzali ya ɗan ji wani abu, duk da bai daɗe ba.

“Ba zan kore ka yau ba,” in ji Alhaji. “Kasuwa ta farko bayan Sallah za mu je Mai’adua tare. In mutum ɗaya ya miƙo mini igiya, ya bar ta a hannuna, shago naka ne. In ba haka ba ka kawo makulli.”

Suka je. Munzali ya sa shaddarsa ta Sallah, ya ce shi zai ja hankalin jama’a. Ya kuwa ja. Tun daga tasha ake nuna shi. Suka tsaya inda Alhaji ya saba tsayawa shekara talatin da ɗaya. Masu dabbobi na zuwa, su gaida Alhaji da girmamawa, su tambayi gwiwa, su wuce da igiyarsu gaba. Hantsi ya yi, azahar ta yi. Munzali ya ce matsalar wurin ne, ba a sa masa allo ba.

Can da rana ta karkata sai ga wani tsohon Bafulatani daga rugar da ko sabis babu, sanda a kafaɗa, yana jaye da akuya. Ya yi sallama, ya miƙa wa Alhaji igiya, Alhaji ya karɓa. Munzali ya ji shago ya dawo, farin ciki ya rufe shi, ya zaro waya.

“Baffa, barka da zuwa. Ɗan matsa in ɗauke ta. Ya sunanka?”

Tsohon ya dubi waya, ya dubi shadda, ya dubi Alhaji.

“Sada, wannan ne?”

Alhaji ya sunkuyar da kai. “Shi ne.”

Tsohon ya sa hannu a hankali ya zare igiyarsa. Ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya ja akuyarsa ya nufi wani dillalin. Alhaji ya juyo. Tafin hannun da aka zare igiyar daga ciki ya miƙa wa surukinsa, a buɗe. Munzali ya lalubi aljihu ya ɗora makulli.

Kwana uku bayan haka Amadu ya kafa injinsa. Mata da robobin tattasai suka yi layi har bakin titi, abin da shagon bai taɓa gani ba. Munzali ya zo kwasar sauran wayoyin caji, ya tsaya bakin ƙofa yana kallon layin, yana girgiza kai.

“Amadu, kana wasa da dama. Wannan duk ’yan unguwa ne. Ka ba ni hoton injin nan guda ɗaya, in sa masa suna yadda ya kamata, wallahi daga Ikko za a riƙa aiko maka da markaɗe. Kuskuren da aka yi wancan karon na gano shi, ɗan ƙarami ne. Abin da za mu yi shi ne—”

Amadu ya dube shi, ya nannaɗe igiya, ya tada inji.